Kafin ki tada mota da safe: amsa ga 'yar'uwar da ta fara tuƙi

Wata 'yar'uwa ce ta yi tambaya, tace bata daɗe da karɓar lasisi ba, maigida ya bar mata Corolla otomatik zata riƙa kai yara makaranta daga Tudun Wadan Zariya sannan ta wuce wurin aiki a Samaru, to kullum in ta zauna a gaban sitiyari sai gabanta ya riƙa faɗuwa, wai me ya kamata ta riƙa yi kafin ta tashi.

Toh Malama, da farko Allah ya sanya alheri, ya tsare ki da yaran. Wannan faɗuwar gaban kada ta dame ki, na daɗe ina koya wa mutane tuƙi a garin nan, kuma wallahi wanda ya fi tayar min da hankali shine wanda daga sati biyu ya fara jin ya iya. Tsoron zai ragu da kansa. Abin da nake so ki riƙe shine sabon direba kansa a cike yake, kina tunanin birki, kina tunanin sigina, ga mai keke napep ya yanko ta dama, ga ɗan acaba ta hagu, ga na baya yana ta danna miki hon, to duk abin da za a iya gamawa tun mota na tsaye a gida a gama shi a can, kada ki kai shi kan kwalta. Minti biyar ya ishe ki, in dai kullum iri ɗaya kike yi har ya zama jiki.

Kada ki fito daga ɗaki ki faɗa mota kai tsaye. Ki zagaya ta sau ɗaya, ki kalli gaba, ki kalli baya, ki ɗan duƙa ki leƙa ƙarƙashi. Na san mutane na ganin wannan kamar ɓata lokaci ne amma a unguwanninmu, musamman lungunan cikin birni da Tudun Wada, yara ne ko'ina, yaro ɗan shekara biyu in ya tsuguna a bayan but babu madubin da zai nuna miki shi, ko kyamarar ribas ma bata kama ko'ina. Mafi ciwon haɗarin da na sani ba a babban titi ake yinsa ba, a ƙofar gida ne, mutum ya sa ribas ya taka ɗansa ko ɗan maƙwabci, motar ma bata kai gudun tafiyar ƙafa ba. Don haka in zaki fita da ribas, yaran da baza su bi ki ba a riƙe su a inda idonki ke ganinsu, ki sauke gilashi ki kashe rediyo don kunnenki ya yi aiki. Ga kuma akuyoyi da kaji da maguna masu kwana a ƙarƙashin mota lokacin sanyi, ga turmi ko bokiti da aka ajiye aka manta.

Wannan leƙen da kika yi ƙasa shi zai nuna miki ko motar na yoyo. In kinga ruwa fari tas ta wajen gaban kujerar mai zaman banza bayan an yi amfani da esi, ba komai bane, ruwan esi ne. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne. Ja-ja, yawanci man giya ne ko na sitiyari. Kore ko ruwan hoda, ruwan lagireto ne. Wanda ban yarda ki yi wasa dashi ba shine in kinga danshi mai santsi ta cikin taya, nan yana iya zama man birki, ranar ki nemi keke kawai ki kira bakanike.

Sai taya, kuma nan zan ɗan daɗe don nan aka fi yin sakaci. Duk motar nan da nauyinta da ku da ke ciki, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba, birki komai kyansa ta nan yake aiki. Kullum da safe ki kalle su duka huɗun da ido, wacce ta kwanta zaki gane, ki duba ko akwai ƙusa, ko tsagewa, ko ƙullutu a gefe. Ƙullutun nan in ya fito an gama, zaren cikin tayar ne ya tsinke, ba a facinsa, kuma irinsa ne ke fashewa a hanyar Kaduna ana cikin gudu. Iska kuma ki auna ta akalla duk sati biyu, da safe kafin taya ta yi zafi. Abin da da yawa basu sani ba shine kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta adadin iskar da ta dace, in kin buɗe ƙofar direba ki duba jikin ginshiƙin zaki ga wata 'yar takarda a manne, ƙananan motoci irin taki yawanci tsakanin 30 zuwa 35 ne a ma'aunin iska na PSI. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da zata iya ɗauka ce, ba abin da ake so a sa ba. Masu faci da yawa, ba don mugunta ba, haka suka koya, sai su ɗura 45 ko 50 su buga da ƙarfe suce ta yi, to ke zaki faɗa masa adadin da kike so ki tsaya kina kallon gejin. Taya mai iska da yawa tsakiyarta kawai ke taka ƙasa, birki baya kamawa sosai, mai ƙarancin iska kuma zafi take ɗauka, a watan Maris da Afrilu da kwalta ke tafasa nan take tarwatsewa.

Taya tana da ranar haihuwa ma. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu ne, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, misali 2321 na nufin sati na 23 a shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, 'yan rod sefti, shekara huɗu suke lissafa wa taya daga ranar da aka yi ta. Shiyasa nake jan kunne kan tayoyin gwanjo da ake ce wa Beljiyam, zaki ga zanen da sauransa kyau amma robar ta tsufa ta bushe. Zanen kuma in zurfinsa ya gaza milimita 1.6 ta ƙare, akwai wasu 'yan tudu a cikin ramin zanen, in sun yi daidai da saman tayar to lokacin canji ya yi. In an taɓa kwance taya an mayar, ki sa a sake ɗaure notocin a gabanki. Safaya ma a riƙa dubata, mutane da yawa sai ranar da suka yi faci a wajen Giwa ko Jaji suke gane babu iska a ciki.

Buɗe bonet ba sai kullum ba in motar lafiyarta lau, sau ɗaya a sati ya isa, sai kuma duk ranar da za a yi doguwar tafiya. Kada kice aikin maza ne, ki sa maigida ya nuna miki sau ɗaya zaki iya. Mota a wuri mai daidai, inji a sanyaye, ki zaro sandar auna baƙin mai ki goge da tsumma, ki mayar har ƙarshe ki sake zarowa, man ya kasance tsakanin alamomin nan biyu. Ki kalli robar ruwan lagireto da ta man birki, duk suna da layin sama da na ƙasa a jiki, ba sai kin buɗe ba. In man birki na raguwa kada ki tsaya ƙarawa kawai, ko dai birkin ya cinye ko akwai inda yake zuba. Kuma dan Allah, dan Allah, kada ki taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan a matse yake, feshi zai yi miki a fuska da hannu, na ga wanda fatar hannunsa ta saɓule saboda haka. Ki cika robar ruwan wanke gilashi, da hunturu zaki gode min, don ƙurar da ke kwanciya a gilashi in kika kunna waifa a bushe karce shi take yi, kuma gilashi mai ƙura in hasken rana ko fitilar wata mota ya doke shi baki ganin komai. Ki ajiye tsumma mai tsabta a mota, gilashin gaba da na baya da madubai da fitilu duk a share. Fitilun birki kuma ki sa babban yaronki ya tsaya daga gefe ta baya ki taka ya faɗa miki ko duka sun kama, haka sigina.

A but ya kasance akwai safaya, jak, sifanar taya, abin kashe gobara wanda bai lalace ba, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi in mota ta mutu. Takardu kuma, lasisinki, takardun mota da inshora, ki duba ranar ƙarewarsu ki rubuta a waya. Ba don tsoron rod sefti ko 'yan Kastiliya, jami'an kula da hanya na jihar Kaduna, kawai ba, direban da ya san takardunsa sun mutu da ya hango jami'i sai ya rikice ya yi kwanar da bai shirya ba. Ki ajiye lambar 122 a wayarki, ta rod sefti ce ta gaggawa, kyauta ake kira.

Yanzu kin shiga. Tunda motar maigida ce, kujerar a tsayinsa take, kuma nan mata da yawa ke kuskure, ko su zauna nesa suna miƙa ƙafa da ƙyar, ko su matso har ƙirji na taɓa sitiyari. Ki matso da kujera yadda in kin taka birki har ƙasa gwiwarki da sauran ɗan lanƙwasa. Ki jingina bayanki, ki miƙa hannu, wuyan hannunki ya sauka a saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba. Tsakanin ƙirjinki da sitiyari a samu kamar santimita 25, saboda jakar iskar nan da ke ciki in ta fashe da ƙarfin gaske take fitowa. Matashin kan kujera ki ɗaga shi samansa ya yi daidai da saman kanki, ba ado bane, shi ke tare wuya in an daki mota ta baya, kuma a gosulon PZ da Kwangila dukan baya ba baƙon abu bane. Sai bayan kin gama da kujera zaki gyara madubai, na tsakiya ya nuna miki gilashin baya gaba ɗaya, na gefe kuma ki buɗe su yadda jikin motarki kaɗan kawai zaki gani. Duk da haka akwai wurin da madubi baya nunawa, dab da kafaɗarki ta baya, kuma daidai nan ɗan acaba ke son maƙalewa, don haka sai an haɗa da waiwaye.

Wannan ya kawo ni maganar sutura, ki yi haƙuri zan faɗa kamar yadda zan faɗa wa ƙanwata. Hijabi ki gyara shi yadda bazai rufe miki gefen ido ba in kin waiwaya, ki tattare ƙasansa da na zani ko abaya kada ƙofa ta datse shi ko ya sauka kan feda. Maza masu babbar riga ma haka nake ce musu, a naɗe hannun riga. Takalmi mai tsini da silifas mai santsi ki ajiye su gefe, ki samu flat mai kama ƙafa wanda zai zauna a motar don tuƙi kawai. Ki duba ƙarƙashin ƙafarki, gorar ruwa ko takalmin yaro in ya gangaro ya shige ƙarƙashin birki zaki taka ki ji ya ƙi sauka, kafet ɗin ƙasa ma in ya naɗe yana iya danne totur. Saman dashbod kada a tara kaya.

Sai bel. Tun 1 ga Janairun 2003 aka fara tilasta ɗaura shi a Najeriya amma har yau zaki ga mutum ya zagayo dashi ta bayan kujera ya maƙala don ƙarar ta yi shiru, ko ya yafa shi a kafaɗa in ya hango jami'ai. Raina na ɓaci in na ga haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tace bel na rage haɗarin mutuwa ga na cikin mota da kusan rabi. Kuma masu cewa ai cikin gari ne ba nisa, karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, lissafi ne ba tsoratarwa ba. Na ƙasan ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, na saman ya ratsa tsakiyar kafaɗa da ƙirji, kada ya hau wuya kada kuma a sa shi ƙarƙashin hammata. Mai juna biyu ma zata ɗaura, sai dai na ƙasan ya bi ta ƙarƙashin cikin. Yara kuma duk wanda bai kai shekara 12 ba baya zai zauna, kowa da bel ɗinsa, ƙarami a samo masa kujerar yara in da hali. Kada a rungume jariri a gaba, babu hannun uwar da zai iya riƙe shi in an yi karo, kuma kada a bar yaro ya tsaya tsakanin kujerun gaba yana leƙe, birki ɗaya zai wurgo shi. In kin buɗe ƙofar baya ki duba bakinta akwai wani ɗan maɓalli, in kin tura shi ƙofar bata buɗuwa ta ciki, ki kunna shi duka ɓangarorin, ki kulle gilasan baya daga wajenki. Ki kafa musu doka tun ranar farko, mota bata motsi sai kowa ya ɗaura, kwana kaɗan su zasu riƙa tuna miki. Kuma ko na minti biyu ne kada ki bar yaro a rufe a mota ki shiga shago, zafin cikin mota a rana yana kisa, in kin ajiye ta a gida ma ki kulle don kada su shiga wasa su kasa fitowa.

Waya ki gama da ita yanzu. Wanda zaki kira ki kira, in taswira zaki bi ki saita, sannan ki sa ta a jaka. A gudun 50 mota na cin kusan mita 14 duk daƙiƙa ɗaya, kallon saƙo na daƙiƙa biyu kin yi mita 28 ido a rufe kenan, ki tuna yadda 'yan makaranta ke tsallaka titi a Kongo ko gaban babbar ƙofar ABU.

Ki yi bismillah ki karanta addu'ar hawa abin hawa, Subhanallazi sakkara lana haza wama kunna lahu muƙrinin, wa inna ila rabbina lamunƙalibun, ki koya wa yaran su riƙa yi tare da ke, tana kwantar da zuciya ƙwarai. Giya na kan P, ƙafar dama a kan birki, ki murɗa makulli zuwa ON ki ga fitilun dashbod sun kama duka, sannan ki tada, su mutu. Wacce ta ƙi mutuwa magana take miki. Ruwan ɗorawa na nufin a je a duba ba da daɗewa ba, ja kuma a tsaya. Ja mai kama da buta ta baƙin mai ce, in ta zauna a kunne ki kashe injin nan take, minti kaɗan ya isa ya ƙone. Mai hoton batir caji ne baya shiga. Ta birki in kin sauke hanbirki bata mutu ba, a duba man birki kafin a je ko'ina. Ki taka birki ki ji, ya kamata ya yi tauri ya tsaya a tsakiya, in ya yi laushi yana nutsewa har ƙasa kada ki fita. Motocin yanzu basa buƙatar dogon ɗumi, minti ɗaya ya isa, kuma kada ki bar inji na aiki a rufaffen gareji, hayaƙin salansa yana kashe mutum ba tare da ya ji warin komai ba. Ki kalli gejin mai, in ya sauka kwata ki sha a ranar. A otomatik ƙafar dama kaɗai ke aiki, ita ce birki ita ce totur, ta hagu ki ajiye ta gefe ki manta da ita, masu amfani da ƙafa biyu ne ke taka totur a maimakon birki in sun firgita.

Akwai kuma duba direban kansa, wanda babu bakaniken da zai yi miki. In baki samu barci ba saboda jinyar yaro, ko kin sha maganin mura irin su Piriton masu sa gyangyaɗi, ko ranki a ɓace yake an yi faɗa, ki haƙura da tuƙin ranar ko ki zauna har ki huce. Da azumi ki guji fitowa dab da shan ruwa, lokacin kowa sauri yake kuma kowa a gajiye. Babban abokin gabanki kuma makara ce, duk abin da na lissafa ranar da kika makara ne zaki tsallake shi, don haka ki ƙara minti goma sha biyar a kan lokacin fitarki. Ki yanke hanyar da zaki bi tun kina gida, ki san inda zaki yi kwana da layin da zaki riƙe. Shawarata ma, ranar Asabar ko Lahadi da sassafe ki ɗauki maigida ko wani wanda ya iya kuma baya da faɗa, ku bi hanyar nan taki daga Tudun Wada har Samaru ku dawo, ki ga yadda shataletalen PZ yake da yadda ake haɗuwa da manyan motoci a Kwangila lokacin babu cunkoso. Tirela kada ki taɓa tsayawa a gefenta ko dab da hancinta, direban baya ganinki daga can sama. Iyakar gudu a cikin gari 50 ne a doka, kuma babu wanda ya ce sai kin kai, wanda ya matsa miki da hon ki riƙe hannunki ki bar shi ya wuce.

In komai ya kammala, ƙafa a birki, ki sa giya, ki sauke hanbirki, ki kunna sigina, madubin tsakiya, na gefe, ki waiwaya, sannan ki saki birki a hankali. A mitocin farko tun kina layinku ki ɗan taka birki sau ɗaya ki tabbatar yana kamawa kafin ki hau babban titi. Wajen fitowa daga get ki tsaya cak kafin hancin motar ya shiga hanya, ki ɗan yi hon, don masu tafiya a ƙafa da masu keke ta jikin katanga suke bi.

In damina ta kama akwai ƙarin abubuwa, robar waifa da zafin bazara ya busar sai an canza, da yadda ake kore hazon da ke rufe gilashi ta ciki da esi, da yadda ake bi da ruwan da ya kwanta a titi, in lokacin ya matso ki sake tuntuɓa ta sai mu yi maganarsu. Ki gaida maigida da yaran.